Gwiwa Biyu da Kuɗin Hutu

Akwai wani bakanike a wata masaƙa a birnin Coimbatore na ƙasar Indiya, ana ce masa Thangavel. Shekara ashirin da takwas ya yi yana gyaran injinan saƙa.

Duk lokacin da bikin girbi na Pongal ya matso, kamfanin yakan sayi kwanakin hutun da ma'aikaci bai ci ba. Abokan aikinsa sukan sayar, su sayi rake da sababbin kaya. Shi kuwa tara nasa yake yi, suna ta tsokanarsa wai hutu ba shinkafa ba ce da za a zuba a rumbu.

Saura mako bakwai ya yi ritaya, likita ya ce gwiwoyin matarsa Valliammai duka biyu sai an yi musu aiki. Washegari ya cike takardar sayar da hutunsa gaba ɗaya, ya kai wa Kamalam, mai kula da albashi.

Kamalam ta karanta, ta tura masa kujera, ta yi lissafi a bayan ambulan.

"Yaya, in ka sayar yau, albashi ne, haraji zai ci rabonsa. Abin da zai rage gwiwa ɗaya zai gyara. In ka bari sai ranar ritaya, kuɗinka bai kai iyakar da doka ta sa ba, ko rupi ɗaya ba za a cire ba."

Ya ce matarsa ko tsugunawa ba ta iyawa. Kamalam ta ce ta sani, amma ya je ya tambayi matar tasa tukuna. Ta jefa takardar a aljihun tebur.

Valliammai tana yanka albasa ta saurare shi har ya gama.

"To wace ƙafar ka zaɓa min? Shekara uku ina ɗingishi, sai yanzu mako bakwai ya yi maka yawa? Zauna ka ci abinci."

Makonnin ba su yi sauƙi ba. Wani lokacin ciwon yakan sa ta kuka. Shi ya koma ɗebo ruwa, shi ke niƙa ƙullun wainar shinkafa da suke kira dosa, shi ke cefane.

Ranar ritaya aka rataya masa furanni, kuɗin suka shigo cif. Aka yi aikin gwiwoyin duka biyu.

Bayan wata huɗu Valliammai ta taka da ƙafarta har kasuwa. Ta dawo tana faɗa, wai ashe duk watannin nan masu tumatir cutar mijinta suke yi.

Darasi: Gaggawa, ko ta tausayi ce, tana iya rage maka rabo. Kafin ka sa hannu, ka tambayi wanda ya san doka, ka shawarci wanda abin ya shafa. Ku tura wa duk wanda ritayarsa ta kusa.