Sheƙar da Ba a Rubuta Ba

Wata rana, Laraba ce, tara ga watan Janairu da hantsi, aka zalunci Ungulu a fadamar Rafin Gawo. Tsohuwa ce mai haƙuri, tana kwance kan ƙwanta a ƙololuwar wani maɗaci. Ku riƙe wannan, yara: ƙwai ɗaya tak ungulu take yi a shekara.

Maƙwabcinta Gauraka ne, mai tukku kamar zinariya, wanda ba ya wuce ruwa bai leƙa fuskarsa ba.

Sai ga Hankaka, sarkin kawo rabin labari, yana haki. "Jama'a, baƙuwa tana tafe! Malama Ladidi, mai binciken namun daji. An ce in ta rubuta abin da take nema a littafinta, hukuma za ta hana masu gawayi sare dajin nan."

Ungulu ta ce, "Me take nema?"

"Wannan kam ban tsaya na ji ba."

Gauraka ya ce, "Sai an faɗa? Kyau take nema! Wa zai taso daga birni don kallon sanƙo? Ke tsohuwa, tashi ki ba mu wuri, kada ta ji warinki ta juya."

"Haba ɗan nan, saura kwana tara ya ƙyanƙyashe. Ka bar ni, ko motsi ba zan yi ba."

Tsuntsaye suka tuntsure da dariya, ba wanda ya ce a bari. Suka yi mata rubdugu har ta tashi. Gauraka ya ture sheƙar, wai tana ɓata bishiya. Tana sama ta ji faɗuwar ƙwan.

Kwana biyar Malama Ladidi ta yi tana bin itatuwa da madubin hangen nesa. Gauraka ya yi rawa a gabanta har ƙafafunsa suka yi ciwo, ita kuwa sai ta kauce ta ci gaba da duban sama. Ungulu tana can kan wani dutse mai nisa, ba ci ba sha.

Rana ta biyar Malama ta tsinci ɓawon ƙwai a gindin maɗaci. Ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana juya shi. Ta ce wa mai gadin daji, "Malam Jatau, shekara uku ina neman sheƙar ungulu mai ƙwai. Sun kusa ƙarewa a yankin nan. Guda ɗaya ta ishe ni hujja. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Wannan karon Hankaka ya ji labarin duka.

Kafin damina an sare maɗaci, yashi ya cike fadama, tsuntsaye suka watse. Gauraka kuwa tarko ya kama shi. Aka datse masa fiffike, aka sake shi a tsakar gidan wani attajiri don baƙi su yi kallo.

Can Ungulu ta same shi, ta sauka kan katanga. Ya matso, ya yi ƙasa da murya don kada agwagi su ji. "Inna, ki yafe mini."

"Me ka ce? Ranar da ka kira ni mai wari, har ƙetaren rafi an ji ka."

"Inna, waɗanda suka ji ai duk sun watse."

"To, nemo su," in ji Ungulu. Ta dubi fiffiken nasa, idonta ya ciko, ta tashi.

Darasin wannan labari shi ne, wanda kuka raina wataƙila shi ne yake riƙe da inuwar da kuke zaune a ciki. Kuma laifin da aka yi a gaban jama'a ba a gyara shi da raɗa. Gauraka ba shi kaɗai ya yi ba. Duk tsuntsun da ya yi dariya a ranar, ya kamata ya fito fili, ya faɗi sunansa, ya ba Ungulu haƙuri kowa yana ji.