Takalmin da Kubura Ta Ajiye a Kwali

Akwai wata mata a garin McLeansville, gabas da Greensboro a ƙasar Amurka, sunanta Kubura. Nas ce a wani asibiti. Mijinta Husaini direban babbar mota ne, kuma shekara uku bakinsa bai huta ba da zancen ƙasar Peru. Wai akwai tafiyar kwana huɗu a ƙafa, a kan duwatsu, ana kwana a tanti, har a isa kangon wani birni da mutanen Inka suka gina tun zamanin da.

Jama'a, mutumin nan ba da wasa yake ba. Ya samo musu izinin bin hanyar a ƙarshen watan Yuni, su huɗu: shi da ita, da maƙwabcinsu Bernard da matarsa Nanret, mutanen Pankshin. Sannan ya sayo takalman hawan dutse, nasa da nata.

Duk Asabar da safe sai ya ɗaure nasa, ya tsaya a bakin kicin.

"Kubura, sa naki mu je hawan dutsen Pilot Mountain da su Bernard. Takalmin nan sai an yi ta tafiya da shi ya yi laushi. In kika sa shi sabo a can, tun ranar farko zai yi miki bororo."

Ita kuwa sai ta taɓe baki. "Haba Malam! A ina ka taɓa ganin an sa takalmin Sallah tun azumi? Ranar tafiya zan sa abina fes. Kuma ni da nake tsaye awa goma sha biyu a shif ɗin asibiti, wane dutse ne zai ba ni tsoro?"

Kun san halinmu dai. Sabon abu sai a adana shi, a jira rana. Haka ta tura kwalin takalminta saman wadrob. Shi kuma ba ya musu, dariya kawai yake yi ya fita.

A tsakiyar Janairu, yana tsaye a garej, zuciyarsa ta buga. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Kubura ba ta yi kuka ba. Masu gaisuwa suka cika gida, tana amsawa da "Na gode, Allah ya ba da lada." Mata na ta yaba tawakkalinta. Wallahi ba tawakkali ba ne, ba ta jin komai ne kawai. Abinci ba ɗanɗano, barci ba daɗi, rana ta fito ta faɗi duk ɗaya. Haka ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma.

Da ta fita takaba, sai Bernard ya aiko cewa kamfanin tafiyar na son sanin mutum nawa ne kafin Juma'a. Izinin da sunanta da lambar fasfonta aka yi shi, ba a ba wani. In ta ce a'a, shi ke nan, tafiyar da Husaini ya shirya mata ta bi ruwa.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauko da kwalin, ta tsallaka gidan Nanret.

"Anti Nanret, ba zan je ba. Lambar takalminmu ɗaya, ki riƙe wannan. Sabo ne dal, ko gwada shi ban yi ba."

Nanret ta dubi kwalin, ta ƙi karɓa. "Zauna tukuna, 'yar'uwa. Takalmin nan ba sabo ba ne."

"Kamar yaya?"

"Juya ƙasansa ki gani."

Kubura ta ciro ɗaya ta juya. Dunduniyar ta ɗan cinye. Ta lanƙwasa shi, ya lanƙwasu ba gardama.

Nanret ta ce, "Tun Oktoba, duk Asabar in ya kira ki kin ƙi, sai Malam Husaini ya faki idonki ya kawo wa Bernard kwalin nan, ya ce a roƙe ni in sa. Ni nake hawa dutse da takalmin nan a ranar. Ranar Litinin ya karɓa, ya zauna a garej da tsohon buroshin haƙori yana cire jar ƙasa, ya goge, ya mayar da takardun ciki yadda suke. Na ce masa, Malam, ka faɗa mata mana. Ya ce a'a, ki bar ta da sabon takalminta, ni dai kada ƙafarta ta yi ciwo a can."

Kubura ta lissafa a ranta. Asabar goma sha huɗu ya tsaya a bakin kicin yana kiranta. Ko sau ɗaya ba ta bi shi ba.

Ta cire silifas ɗinta, ta zura ƙafa, ta ɗaure igiya. Ta miƙe ta fita. Nanret ta bi ta a baya, ba ta tambaye ta inda za ta ba.

Suka wuce akwatin wasiƙu, suka wuce gonar da ke bakin titi, suka yi ta tafiya. Kubura na jira takalmin ya cije ta, ko a dunduniya ko a ɗan yatsa. Har so take ya cije ta ɗin. Bai cije ta ba.

A nan ne ta durƙusa a gefen titi, ta riƙe takalmin da hannu biyu, kukan da ya ƙi zuwa tun Janairu ya ƙwace mata. Nanret ta zauna a ciyawa kusa da ita har ta gama.

Da ta share fuska, sai ta ce, "Ki gaya wa Bernard mu uku ne. Kuma jibi Asabar ku biyo mini."

Darasi: Ba komai ake adanawa a jira rana ba. In wanda yake ƙaunarka ya ce zo mu taka tare, ka tashi ka bi shi yau, domin ba ka san Asabar nawa suka rage muku ba. Ku tura wa wanda ya daɗe yana kiranku kuna cewa sai an jima.