Kwana Bakwai a Bakin Kogi

An yi wani manomi wanda fari ya kore shi daga garinsu. Ya bar matarsa da 'yarsu tana goye, ya ce zai nemo abinci ya dawo kafin shuka. Bayan tafiyarsa yaƙi ya tashi, hanya ta rufe, shekara ɗaya ta zama tara.

Ranar da hanya ta buɗe ya kamo hanyar gida da sauri. Ya iso bakin kogin da ya raba shi da garinsu ana tsakiyar marka, ruwa ya cika ya batse. Daga inda yake tsaye yana hango rimin ƙofar gari da hayaƙin girki. In iska ta juyo har daka yake ji, sai ya ce a ransa, wataƙila turmin gidana ne. Duk yarinyar da ta sauko ɗiban ruwa a wancan ƙetare, sai ya ƙura mata ido yana ƙiyasta shekarunta.

Akwai wani tsoho mai fito a wurin, kwale-kwalensa a ɗaure.

Manomin ya ce, "Baba, ƙetare da ni."

Tsohon ya ce, "Ba yau ba, ɗana."

Kashegari ma haka. A rana ta uku gari ya washe, ruwa ya kwanta luf kamar an shimfiɗa tabarma.

Manomin ya ce, "Baba, yau kuma mene ne? Ko akuya ta haye wannan ruwa. Ko tsufa ne ya zo maka da tsoro?"

Tsohon ya miƙa sandar tuƙi, ya tsamo wani reshe da ruwa ya kawo. Ya ce, "Ka ga irin wannan itace a nan? Na kan duwatsu ne. Dubi ganyensa, ɗanye shar, yau ya karye. An yi ruwa can sama, yana tafe."

"Shekara tara fa, Baba!"

"Na ji. Amma miji matarka take jira. Kada ka sa in kai mata gawa."

Manomin ya fizgi gorar masunta, irin wadda ake kifa ciki a kai a yi iyo, ya shiga ruwa har gwiwa. Ya dubi hayaƙin garinsu, ya waiwayi tsohon. Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya fito, ya ajiye gorar, ya zauna ya yi kuka.

Kafin la'asar aka ji rugugi. Ruwa ya iso ja wur, ɗauke da itatuwa da jijiyoyinsu da jinkar wani ɗaki.

Sai a rana ta bakwai, da safe, ana yayyafi, gari duk ya yi duhu, tsohon ya kwance igiya ya ce, "Tashi, ɗana. Yau ce."

Da suka sauka, wata mace mai wanki ta ɗago kai, zanen da take wankewa ya suɓuce mata. Ta dafa kafaɗar yarinyar da ke gefenta, ta ce, "Je ki karɓi kayan babanki."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manomin shi ne duk wanda aka raba shi da nasa, mai fito kuwa Ubangiji ne. Ku tuna da saurayin nan da yayyensa suka sayar zuwa Masar. Fiye da shekara ashirin bai ga fuskar mahaifinsa ba, har kurkuku ya shiga. Da ya gudo gida tun yana bawa, wa zai tara hatsin da ya ceci gidan ubansa daga yunwa? Shi bai san yunwa tana tafe ba, Allah ya sani.

Ku lura fa, biyayyar da manomin ya yi ba ta hana shi kuka ba. Kewa ba zunubi ba ce. A cikinmu akwai wanda mahaifinsa ke aiki a nesa, akwai uwar da ta shekara biyar ba ta ga ɗanta ba. Ki yi kukanki, Mama, ki kai shi ga Ubangiji. Amma ranar da ruwa ya yi miki kamar ya kwanta, Allah kuwa ya ce ba yau ba, kada ki ce ya manta da ke. Ke gida kike kallo, shi kuwa yana ganin abin da ke gangarowa. Ki zauna kusa da shi, domin ranar da zai ce ki tashi, ki ji.