Rijiyar da ta Ƙafe Bayan Zuwan Nomau

Wani baduku mai suna Nomau ya yi ƙaura zuwa wani gari, bai daɗe da sauka ba rijiyar garin ta ƙafe. Dagaci ya sa aka kirawo shi.

Dagaci ya ce, "Ka zo, rijiya ta ƙafe. Abin da ya biyo bayan zuwan mutum kuwa aikinsa ne. Ko ka maido mana da ruwa, ko ka tattara fatunka ka bar garin nan."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hukunci ya haɗa da duk abin da ya biyo bayan zuwana?"

"Duka, ban ware komai ba."

"To, na ɗauki laifin rijiya. Sai dai bayan zuwana goɗiyarka ta haihu, ashe duƙushin aikina ne, da shi zan tafi. Sannan shekaranjiya na ji guɗa a cikin gidanka, aka ce an sami ɗa namiji..."

Dagaci ya yi maza ya ɗaga hannu. Ya dubi fadawansa da suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ya gyara murya ya ce, "Ai rijiyar nan ta saba ƙafewa kowace bazara. Koma bakin ɗinkinka, Nomau."