Barewa da Cinnakun Gindin Aduwa

Dalilin da ya sa barewa in ta hango zaki ba ta zurawa da gudu nan take, sai ta fara daka tsalle sama, ƙafafu huɗu a sandare, ku matso ku ji. Amma kar hannu ya daina ɓarar gyaɗar nan.

A da ba haka take ba. Kunya gare ta, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa take yi. Da ta ji warin Zaki sai gudu, shi kuma ya bi. Su wuni suna zagaya daji, ita ba ta yi kiwo ba, shi bai ci ba.

Ran nan ta haihu. Ta ɓoye ɗan a ciyawa, ta matsa gindin aduwa tana gadi, sai ga Zaki, Kura na biye tana lasar baki. In ta gudu, su tsinci ɗan. In ta tsaya, ita ce kalaci. Ta daskare. Ashe kan gidan cinnaka ta tsaya!

Ɗaya ya gantsara mata cizo. Zumbur, ta yi sama! Tana sauka goma suka kama ta. Ta sake tashi har ta taɓo reshe.

Zaki ya ja birki. "Kura, me nake gani?"

"Ranka ya daɗe, rawa take maka."

"Ni za a yi wa rawa? Ke Barewa, ba ki gan ni ba ne?"

"Na gan ka, ranka ya... wayyo!" Zumbur!

Zaki ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura tun gudun jiya. Ya ce, "Mai ƙarfin zubarwa a sama haka, in ta miƙe a ƙasa wa zai kamo ta? Ni ko kumallo ban karya ba."

Kura ta ce, "Wannan ɗan tsallen? Ai ni ma na iya." Ta yunƙura, ta faɗo tim a kan ƙugu.

Zaki ya yi tsaki, ya ɗaga murya. "Barewa, daga yau in lafiyarki ƙalau, nuna min tun daga nesa, kowa ya huta. Ran da tsallen ya gagare ki kuwa, ni da ke ne."

"To, ranka ya daɗe." Zumbur!

Suka juya, Kura na jan gindi. Barewa ta lallaɓa wajen ɗanta tana susa tana dariya.

Shi ya sa har yau in ta ga zaki take tsalle, wato, "Dube ni da kyau, kar ka wahalar da kanka." Zancen cinnaka kuwa bai taɓa jin sa ba. Ku ma kar ku gaya masa.