Gwangwanayen Cindo Mai Shara

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da motoci suka fara yi wa titi yawa. Sunansa Cindo. Bawan Allah ne, aikinsa share mararrabar tsakiyar gari, inda hanyoyi huɗu suka haɗu. Bai yi boko ba, kamar yadda ni ma ban yi ba. Ku saurara. Ke Hajiya ta can baya, ajiye wayar nan, ba don in ba ku nishaɗi na miƙe tsaye ba.

Kullum bayan asuba Cindo zai fito da tsintsiyarsa, sau da yawa kuma sai ya tarar da fasasshen gilashin fitilar mota. Da wani ne, ya tattara ya zuba a kwata ya yi gaba. Shi kuwa sai ya tsuguna yana jujjuya shi a tafin hannu. Wannan ja, wannan fari. Me ya sa yau ja ya fi yawa? Me ya sa jiya babu ko ƙwaya? Tambayar nan ta hana shi sakat, har ya kai wa wani makanike.

Makaniken ya ce, "In ka ga ja, ta baya aka daki mota. In ka ga fari zalla, to gaba da gaba aka yi, ko kuma mutum aka kaɗe."

Cindo ya nemo gwangwanin tumatir guda bakwai ya jera a zaurensa, kowace rana da nata. Da farko duk abin da ya sharo juyewa yake yi. Sai wata Asabar babbar mota ɗaya ta cika gwangwani fal. Ya zauna ya duba, ya ce a'a, wannan ai karo ɗaya ne, ba goma ba. Ya zubar duka ya sake sabon lale: karo ɗaya, ɓallin gilashi ɗaya. Daga baya ya ƙara gwangwani huɗu, kowace hanya da nata: ɓalli ɗaya na rana, ɗaya na hanya, lokacin karon kuma ya tambayi masu shago.

Matarsa Yalwa ta ce, "Malam, mazan mutane na tara hatsi, kai kana tara kwalba."

Ya ce, "Bar ni, Yalwa, so nake in ga abin da za su ce."

Shekara uku yana wannan, gwangwanayen kuwa suka yi magana. Ran Alhamis, ranar da ake sauke shanu a kara, ja ne ke cika, a hanyar kara, bayan la'asar. Direbobi suka fara tsayawa suna tambayarsa. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Boka, yau hanyar kara za ta cushe?"

Ya ce, "Ni ba boka ba ne, gaibu na Allah ne. Amma cikin Alhamis goma da suka wuce, bakwai ta cushe."

Ranar kuwa hanya ta wuni fayau. Direban ya dawo yana dariya, ya ce, "Aljanun gwangwani sun yi ƙarya!"

Cindo ya ce, "Bakwai na ce maka. Yau tana cikin ukun nan."

Kun ji? Bai ƙara ba, bai rage ba. Bakwai ya gani, bakwai ya faɗa.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne farin gilashin. Ya zaci inda ake cunkoso nan ake mutuwa. Ashe ba haka ba ne. Cunkoso fitila yake fasawa, a fito a yi zage-zage, kowa ya kama gabansa. Farin gilashi a hanyar makabarta yake taruwa, hanya miƙaƙƙiya da babu kowa, inda direba ke samun sarari ya taka mota. Can ake ɗaukar gawa.

To, ga inda jarrabawar take. Gidan Cindo a hanyar kara yake. Wata Alhamis Yalwa ta fito za ta tsallaka kai niƙa, wata mota da ke neman kutsawa ta gefe ta take mata ƙafa. An yi ɗori, ƙafa ta kama a karkace. Tun daga ranar da sanda take tafiya.

Bayan wata biyar hukuma ta ce za ta ba mararrabar ɗan sanda mai ba da hannu, guda ɗaya tak, a hanya ɗaya. Aka turo injiniya ya duba inda ya fi dacewa. Injiniyan ya ji labarin gwangwanaye, ya ce gobe zai zo ya gani.

Da yamma mai unguwar hanyar kara ya iso zauren. Ya ce, "Cindo, abu mai sauƙi ne. Ɗebi farin nan na hanyar makabarta ka zuba a namu. Wa ya ƙirga? Kai kaɗai ka san abin da ke ciki."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa ba zan iya ba."

"Matarka ce fa ke ɗingishi!"

Yalwa na bakin ƙofa, ta dogara da sandarta. Ba ta ce ya zuba ba. Cewa ta yi, "Malam, dubi ƙafar nan." Shi ke nan abin da ta ce.

Ya duba. Wallahi ya duba, har idonsa ya kawo ruwa. Kada ku zaci dutse ne a ƙirjinsa. Ya ɗauki gwangwanin hanyar makabarta ya girgiza, ya ji nauyinsa, ya tuna kowane ɓalli da safiyar da ya tsince shi, wani ma da jini a jiki. Ya mayar ya ajiye inda yake.

Da injiniya ya zo, Cindo ya juye komai a kan tabarma. Ya ce, "Hanyarmu ta fi yawan karo, ga ja nan ka gani. Amma cikin mutum goma da aka rasa a mararrabar nan, takwas a hanyar makabarta ne. Ban ce gobe can za a mutu ba. In dai rai ake son tsarewa, can ya fi kusa."

Injiniya ya ce, "Baba, kai ba a hanyar kara kake ba?"

Ya ce, "A nan nake."

Aka kai mai ba da hannu hanyar makabarta. 'Yan unguwa suka daina amsa sallamar Cindo. Yalwa ta yi kwana tara ba ta ce masa uffan ba. Shi kuwa duk Alhamis bayan la'asar sai ya fita bakin hanyarsu, ya ɗaga tsintsiya yana tsayar da motoci, mata da tsofaffi su tsallaka. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Yalwa ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba har ta koma ga Allah. Amma ita ce ta ɗaura jan ƙyalle a kan tsintsiyar, wai direbobi ba sa ganinsa da kyau.

To jama'a, darasin a fili yake: abin da ka auna amana ne. Ko kai kaɗai ka san abin da ke ciki, ko gaskiyar ta tsallake ƙofar gidanka ta tafi ta wani, faɗarta za ka yi yadda take.

Yanzu mu dawo kanmu. Bara waɗansu matasa suka zo unguwar nan da kwamfuta, suka yi wata biyu suna ƙirga motoci, don hukuma ta san inda za ta zuba tudun rage gudu. Na tsayar da ɗayarsu na ce ta yi mini bayani, ta yi. Ta ce na'urar ba duba take yi ba, abin da ya faru take tarawa ta faɗi inda haɗari ya fi yiwuwa. Lissafinsu ya nuna kwanar injin niƙa. Takarda ta fito, an karanta mini. Ina aka zuba tudun rage gudun? A ƙofar gidan wani mai faɗa a ji, inda ko akuya ba a taɓa bugewa ba. Kun sani, na sani. A kwanar injin niƙa aka kaɗe mijina Malam Ilu yana dawowa daga masallaci, wata huɗu bayan takardar.

Ba wanda zai dawo mini da shi, ban kuma roƙa ba. Abin da nake nema a kai tudun nan inda lissafi ya ce. Wasunku sun sa hannu aka karkatar, wasunku sun gani sun yi shiru, duk ga ku nan zaune. Ran Litinin da hantsi zan tafi ofishin hukuma da takardar a hannuna. Wanda ke tsoron Allah ya same ni a kwanar. Ku zo da wuri, kuma ku tsaya daga gefe, don har yau motocin ba su rage gudu ba.