Matar da Ta Kasa Barin Murfin Tukunya

A wani ƙauye an yi wata mata wadda kowa ya san hannunta wajen tuwo. In ta kama muciya, ba ta hutawa sai tuwo ya yi laushi, babu gudaji ko ɗaya. Wata damina rafi ya cika ya yanke hanyar gari, mai kawo burodi ya daina zuwa, ga Jibin Ubangiji ranar Lahadi, wanda ake gutsuttsura burodi a ci a coci. Da dattawan ikkilisiya suka nemi wanda zai gasa, sai ta miƙe ta ce ita za ta yi. Ba ta taɓa yi ba, amma a ranta ta ce wadda ta iya tuwon mutum talatin, ai burodi ba zai gagare ta ba.

Ranar Asabar aka ba ta 'yar fulawar da ta rage a ƙauyen, ta tafi wurin Mama Keziya, wata tsohuwa da ta taɓa aiki a gidan burodi. Tsohuwar ta koya mata yadda ake kwaɓawa da yisti da ruwan ɗumi, a murza, a rufe har ya tashi, sannan a zuba yashi a gindin tukunya, a ɗora gwangwanin kwaɓin a kai, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ta raka ta bakin ƙofa ta ce, "'Yata, wannan ba tuwo ba ne. In kin rufe, ki cire hannunki."

Ta ce to. Amma ina! Kwaɓin ya ɗan fara kumbura ke nan ta yaye zane, ta danna da yatsa, ta sake murzawa wai don ya ƙara kyau. Ta kai shi rana, ta dawo da shi inuwa. Da ta gaji da jira, ta sa shi a tukunya haka nan. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta dawo ta ɗaga murfi. Ta zauna, zaman ya ƙi, ta sake ɗagawa. Da ta ga zafi yana tserewa, sai ta ƙara itace. Bayan burodin ya yi ja, ta sauke tana murna.

Ranar Lahadi da safe wani dattijo ya sa wa burodin wuƙa. Baya ya yi tauri, ciki kuwa ɗanye sharaf, yana bin wuƙar. Fasto ya sanar cewa an ɗage Jibin sai rafi ya janye. Matar ta sunkuyar da kai tana hawaye, kunya kamar ta kashe ta.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Matar nan ba raguwa ba ce, ƙwazonta ne ya ɓata aikin. Akwai aikin da Allah ya ba hannunka, akwai kuma wanda yake yi shi kaɗai a ɓoye. Ke, kin yi addu'a domin mijinki, ba ki ko tashi daga durƙuso ba kina leƙen ko ya sake hali. Kai kuma ka yi wa ɗanka faɗa da safe, ka maimaita da rana, da yamma ka tara masa dangi. Maganar da ka shuka, yaushe za ta yi aiki a cikinsa? Na san uban da ya yi ta haka har ɗansa ya daina zuwa gida. Ka faɗi gaskiya, ka gama naka. In bakinka ya sake yin ƙaiƙayi a makon nan, je ka gaya wa Allah, ka bar yaron ya huta.